Tambayoyin da ƙanne suka ishe ni da su kan zaman Dang, da amsoshinsu

Duk shekara da zarar sakamakon bak, jarabawar gama sakandare, ya fito wayata ta daina hutawa kenan, wannan ya kira, wancan ya turo murya ta WhatsApp, wata gwaggo ta aiko ɗanta har gida, kuma duk magana ɗaya ce ake juyawa, wai yaya zaman Dang yake, inda Jami'ar Ngaundere ta Kamaru take. Ni ɗan Garwa ne, shekara 5 na yi a can, lisans da masta, wato digiri na farko da na biyu, ɗaki 4 na canza, to bakina ya gaji da maimaitawa shi ya sa na tara amsoshin wuri ɗaya. Abin da zan faɗa tun da wuri shi ne anfi kam, wato zauren lacca, kowa iri ɗaya yake samu, malami ɗaya benci ɗaya, amma ɗakin da ka kama da mutanen da ka faɗa cikinsu su ne za su gyara maka shekara ko su ɓata ta.

Yaya, wai jami'ar ba a cikin garin Ngaundere take ba?

A'a ƙanena. Sunanta dai Jami'ar Ngaundere amma a Dang take, wajen kilomita 15 arewa da gari, bakin babban titin da ya tafi Garwa. A 1993 ta zama cikakkiyar jami'a, kafin nan cibiya ce, kuma ENSAI, makarantar injiniyoyin sarrafa amfanin gona da abinci, tana cikin tsofaffin gidan. Akwai IUT, cibiyar koyon fasaha, akwai makarantar likitocin dabbobi, ga fakalte, wato tsangayoyi, na shari'a, na tattalin arziki, na kimiyya, na adabi. Ɗalibai kuma sun bazu a Bini da Dang da Malang har Manwi.

In daga Garwa ko Marwa kake, bayan kun gama hawan falez, wato tsaunin da ke kan hanya, Dang za ku fara tararwa kafin gari, don haka tun a tasha ka tambaya ko za a sauke ka a nan, a sa kayanka inda hannu zai kai. Ni zuwana na farko barci ya kwashe ni, ban farka ba sai cikin gari, haka na ɗauki katifa a ka ina neman taksin komawa inda na baro. Masu zuwa daga Yawunde jirgin ƙasa na dare suke hawa su sauka da safe, daga gar, tashar jirgin, sai taksi.

Siten jami'a ko minisite, wanne ya fi?

Siten jami'a, wato ɗakunan kwanan ɗalibai na makaranta, ta fi araha nesa ba kusa ba, kana cikin makaranta, ƙafa za ka taka zuwa anfi, amma ɗakunan ba su kai ko kusa da yawan ɗalibai ba, sai ka ajiye dosiye, takardun neman ɗaki, a ofishin da ke kula da walwalar ɗalibai ka jira a fitar da sunaye. Ka ajiye ɗin, ba ka san rabo ba, amma kar ka zauna jiranta har ɗakunan kirki na waje su ƙare. Yawancin mutane a minisite suke, wato gidajen haya na ɗalibai da masu hali suka gina, ɗakuna a jere suna kallon juna, tsakar gida ɗaya, wani gidan da banɗaki cikin ɗaki wani kuma na taro ne a ƙarshen layi. Kowane gida da sunansa a jikin get, wasu sunayen in ka ji ka ce otal ne a Faransa, ka shiga ka ga akuya kwance bakin rijiya.

To me zan duba kafin in biya kuɗin ɗaki?

Nan ne maganar take, ka gyara zama.

Na farko ruwa. Kar fenti ya ruɗe ka, kar tayil ya ruɗe ka. Lokacin da sababbi suke zuwa, Satumba zuwa Oktoba, ƙarshen damina ne, kowace rijiya cike take har baki kuma kowane mai gida zai rantse maka ruwa ba ya yankewa. Gaskiyar gida sai Fabrairu da Maris take fitowa. Saboda haka tambayar ba ta mai gida ba ce ba ta konsiyaj, mai kula da gidan, ba ce, ka bari sai sun juya baya ka samu wani tsohon ɗalibi da ya shekara a gidan, ka gaishe shi da ladabi ka ce babban yaya don Allah watan Maris ina kuke ɗiban ruwa. In ya yi dariya kafin ya ba ka amsa to ka riga ka ji amsar. Gidana na biyu haka ya yi min, rijiya ta kafe ƙaf, tun kafin asuba muke fita da bido, jarka mai lita 20, mu jera a foraj, wato rijiyar burtsatse, ta wani gida can ƙasan layi, ka dawo kafaɗa na zogi hannu ya ƙage don sanyi, ga kur, wato darasi, ƙarfe bakwai da rabi, kuma abin haushi ɗakin ya fi na baya tsada don kawai yana da siling mai kyau. In gidan na da foraj da tanki a sama ka tambaya da me famfon yake aiki, don in kuran, wato wutar lantarki, ya tafi ruwa ma ya bi shi.

Na biyu ka ɗaga kai ka kalli siling da ƙasan bango. Tabon ruwa mai launin shayi a sama, ko fenti yana ɓarewa daga ƙasa kamar ɓawon rogo, to ɗakin na tsatsafa, kuma damina a Adamawa ba irin tamu ta Garwa ba ce, tun wajen Afrilu take farawa sai Oktoba. Littattafai su yi funfuna, takalmi ya yi kore, katifa ta riƙa wari, kai kuma mura ba ta sake ka.

Sai konta, mitar wuta. Kowane ɗaki da nasa ne ko ɗaya ce ake rabawa? In ta taro ce ka shirya rigimar ƙarshen wata, don akwai mai rishon lantarki ɓoye ƙarƙashin gado da mai ayan na guga da mai hita, kai da ba ka da komai sai kwan fitila da cajar waya a raba da kai daidai wa daida. Sai ƙofa, ta ƙarfe ce ko katako, taga da ƙarafuna ko babu, get ana rufewa da dare ko a hangame yake kwana. Sai hanya, ka tsaya bakin get ka ƙiyasta yadda layin nan na jar ƙasa zai koma in an kwana ana ruwa, don akwai lungun da mai moto, ɗan acaɓa, ke ƙin shiga ko ka ninka masa kuɗi. Kuma ka kasa kunne, in akwai mashaya kusa to ba ka da barci daga Juma'a zuwa Lahadi.

Masu gida da yawa kuɗin watanni suke so a dunƙule, wasu har da kosiyo, kuɗin jingina, a kai. Duk abin da ka biya a rubuta maka resi, da ranar shiga da ranar fita, da sa hannu. Ko da Alhaji ne abokin babanka, a rubuta. Mai gidana na uku mutumin kirki ne wallahi, amma da ya yi tafiya ɗansa ya zo ya ce bai san zancen wata biyun da na ƙara ba, ba ni da takarda, na biya sau biyu ina ji ina gani.

Nawa ne kuɗin makaranta?

Na fakalte sefa 50,000 ne a shekara kamar sauran jami'o'in gwamnati na Kamaru, jaka hamsin kenan, kuma ana iya biya kashi biyu. Wasu fannonin na koyon sana'a nasu ya fi haka. Amma ba wannan ke cin kuɗi ba, fotokofi da moto da gaz da kuɗin intanet su ne ɓeran da ke huda buhu. Resin banki kuma ka yi masa fotokofi da yawa ka ɗauki hotonsa a waya, na asalin ka sa a leda.

In zauna ni kaɗai ko in nemi abokin ɗaki?

In aljihu zai ɗauka, kai kaɗai. In ba zai ɗauka ba, wanda shi ne halin yawancinmu, to ka zaɓi mutum don halinsa ba don garinku ɗaya ba. Na zauna da ɗan unguwarmu da muka yi lise, wato sakandare, tare, cikin wata uku muka daina gaisawa a kan wankin tukunya da abokansa masu karta har ƙarfe biyun dare. Na zo na zauna da wani ɗan Mundu, Kirista, ba abin da ya haɗa mu sai rabon haya, shekara biyu ko musu ba mu yi ba, in lokacin salla ya yi da kansa yake kashe rediyo, da azumi kuwa ba ya cin abinci a gabana ko da na ce masa ba komai. Tun ranar farko ku yi maganar da ake jin nauyin yi, wa zai sayi gaz, baƙi har ƙarfe nawa, abinci tare ko kowa nasa. Kunyar rana ɗaya ce.

Abinci fa, ban iya girki ba.

Za ka iya, yunwa malama ce. Akwai resto na jami'a mai sauƙin kuɗi, layi ne dai sai ka yi haƙuri. Bakin titi wajen gerit, wato babbar ƙofar shiga makaranta, ba abin da babu, da safe benye da wake da kunu, mai shayi da ƙwai da spageti, da rana shinkafa da miyar gyaɗa, tuwon masara da folere wato yakuwa, da dare masu soya, tsiren nan namu, suna ta hayaƙi. Adamawa ƙasar shanu ce, nama da kosam, wato nono, ba sa wuya, dankali da rogo da doya da fiya ma a lokacinsu sun fi Garwa sauƙi.

Amma wanda ya ce kullum saye zai yi, kafin 20 ga wata ya koma gari da suga. Ka zo da garin masara, kuka, kuɓewa busasshiya, daddawa, yaji, man gyaɗa, ka roƙi Inna ta tsaya a kanka kwana uku ka koyi tuƙa tuwo da miya biyu. Mu a gidanmu na ƙarshe mu biyar muka haɗa tukunya, kowa da ranarsa, ranar wani Bagbaye ce muka fi so don shi ya iya miyar ganyen rogo, ranar tawa kuwa sai ka ga kowa ya tuna yana da TD, darasin atisaye, da yamma.

Da gaske ana sanyi?

Gari ne a kan tudu, sama da mita 1,000. Disamba da Janairu da asuba ruwan alwala kamar reza. Ka zo da bargo mai kauri da rigar sanyi da man shafawa, 'yan Marwa da Kusuri ku ninka.

Kuran yana zama?

Yana zuwa yana tafiya. Mafi yawan wutar arewa daga madatsar Lagdo take fitowa, kan kogin Binuwai kusa da Garwa, in ruwan dam ya ja baya da rani sai a shiga rabon wuta unguwa-unguwa, kuma sau da yawa hakan na faɗowa dab da jarabawa. Ka mallaki fitila mai caji ko ta sola da batirin ajiya na waya. Kwamfuta kuma kar ka bar ta a soket in wuta ta tafi, dawowarta ce mai ƙona kaya. Kana zaune cikin duhu za ka ji unguwa gaba ɗaya ta ɗauki ihu, ba gobara ba ce, kuran ne ya dawo.

Faransancina bai nuna ba, Fulatanci kuma ban iya ba, zan rayu?

A aji Faransanci ne, babu makawa, kuma malami ba zai jira ka ba, wani yana dikte kamar ana korarsa. Wata na farko ka nemi mai rubutu mai kyau ka riƙa aron kayensa, littafin rubutunsa, kana cike gurbi, ka shiga grup ɗin WhatsApp na ajinku don ta nan delege, wakilin aji, ke sanar da an ɗage kur ko an canza anfi. Kar ka ji kunyar yin kuskure a baki, 'yan kudu za su yi dariyar lafazinka kwana biyu su gaji, su ma ai nasu Faransancin na unguwa ne.

A kasuwa da wajen masu moto Fulatanci ne sarki. Ka koyi gaisuwa, jam na, jam, ka koyi noy na tambayar kuɗi, ka san booro ita ce jaka, farashi zai sauko da kansa. Hausa kuma tana yi maka aiki wajen mahauta da masu kilishi da 'yan tireda da masallaci. Asalin ƙasar ta Mbum ce, sunan garin ma daga harshensu ya fito, dutsen cibiya, saboda dutsen nan da ke tsaye a kan gari da wani curi a bisansa.

Salla da Juma'a da azumi, ana samun dama?

Masallatai suna nan cikin unguwa, ɗalibai Musulmi kuma suna da ƙungiya, CAMSU, ka neme su tun satin farko, suna karatu suna buɗa baki tare kuma su ne za su fara zuwa in ka kwanta ciwo. Sai dai ka sani Juma'a ranar aiki ce a Kamaru, kur na iya cin lokacin masallaci, abin da ake yi shi ne a tura delege ya roƙi malami tun farkon zango, da ladabi, ba ranar a miƙe a fice ba. Ranar Salla hutu ce amma sau da yawa kwana ɗaya ne, in gida da nisa ka haƙura ka shiga gari ka kalli hawan Lamiɗo, ka ci naman gidan abokai.

Ni uba ne, 'yata ce ta ci bak, hankalina bai kwanta ba.

Baba, Allah ya ƙara girma, ba zan ce maka Dang gidan malam ba ne, akwai mashaya akwai shashanci, yaro ya fita daga idon iyaye karo na farko. Amma na ga 'yan mata da yawa da hijabinsu suka shiga da shi suka fita, wasu yanzu suna koyarwa wasu suna asibitin dabbobi. Abin da na lura da shi, yarinyar da ke shiga matsala galibi ba lalacewa ta kai ta ba, kuɗin abinci ne ya yanke tsakiyar wata tana jin nauyin kira gida. Ka zo da ita da kanka ka ga ɗakin da idonka, gida mai get da konsiyaj, kusa da titi, inda akwai wasu mata manya. Ka haɗa ta da wata yaya da ta riga ta. Kuɗi kuma ko kaɗan ne ya zo a ranar da aka sa, Orange Money da MoMo sun sauƙaƙa wannan. Hajiya kuma ta riƙa kira haka kawai don hira, ba sai don bincike ba.

Akwai ɓarayi? Titin fa?

Ɓarayi akwai, waya da kwamfuta da tulun gaz suke nema, sun fi ɓarna lokacin hutu da gidaje suka zama kango da lokacin jarabawa da kowa ke anfi. Kwaɗo mai kyau, kar ka yi caji bakin taga, in za ka tafi hutu ka kai kayanka masu daraja gidan wani a gari. Takalmi ma kar ka bari a waje, nawa sabo fil na Salla ko sati bai yi ba.

Amma ni titin ya fi ba ni tsoro. Layin dogo a Ngaundere ya ƙare, duk kayan da jirgi ya kawo na Garwa da Marwa da Njamena manyan motoci ke kwasa, kuma ta tsakiyar Dang suke bi dare da rana. Kar ka tsallaka da abin sauraro a kunne, kar ku hau moto ku uku don ragin dala ashirin, mai moton da ka ji warin bilbil, wato burkutu, a bakinsa ka ce masa ka fasa.

Mene ne CC da SN da ratrapaj da nake ji?

Tsarin LMD ake bi, lisans shekara 3, masta 2, sai dokta. Kowane zango akwai CC, gwajin tsakiya, sai SN babbar jarabawa, wanda bai kai ba ya koma ratrapaj, jarabawar gyara. Sababbi suna raina CC, kuskure ne, ita ke ɗaga ka in SN ta yi maka nauyi. In an liƙa sakamako a babiyar, allon sanarwa, ka je da kanka ka duba sunanka da matrikil, lambarka ta ɗalibi, in ka ga wani abu ba daidai ba akwai rekat, takardar ƙorafi, da ake rubutawa cikin 'yan kwanaki, kar ka tafi gida sai ka gani. Kuma kar ka sayi tikitin mota kafin a fitar da jerin masu ratrapaj.

Daga Cadi zan zo, akwai bambanci?

'Yan Cadi a Dang ba baƙi ba ne, suna da yawa sosai, akwai gidajen da in ka shiga Larabcin Cadi da Ngambai kawai za ka ji, da shayi a kan gawayi ba dare ba rana. Kuɗi ɗaya muke kashewa, sefar Afirka ta Tsakiya, ta Nijar ce ba ta ci a nan sai an canza. Na kudu suna bin hanyar Mundu da Tuboro, na Njamena su biyo Kusuri da Marwa da Garwa. Takardunka su cika kuma katin ɗalibi ya zauna a aljihu saboda shingayen hanya, sannan ka nemi ƙungiyar ɗaliban ƙasarku, sun san kowace ƙofa.

In na yi rashin lafiya fa?

Akwai wurin shan magani na jami'a, abin da ya fi ƙarfinsu a tura ka gari. Zazzaɓin sauro da taifot su ne abokan ɗalibi, ɗaya daga rashin gidan sauro ɗaya daga ruwan rijiya. Ka tafasa ko ka tace, kuma ka daina sayen ƙwayoyi a tire. Lambar maƙwabcinka ta kasance wajen mutanen gida, don ranar da zazzaɓi ya kayar da ni ƙarfe ɗayan dare ba dangi ne suka goya ni zuwa bakin titi ba, ɗan Mundun nan ne da wata 'yar Bafusam mai ɗaki na 7.

Marwa da Garwa ma ai akwai jami'a, dole sai Dang?

Ba dole. Ta Marwa tun 2008 take, ta Garwa 2022 aka kafa ta. In fannin da kake so yana garinku kuma za ka kwana a gida ka ci tuwon Inna, ka yi lissafi da kyau kafin ka ɗauko haya.

Me zan saya a can, me zan taho da shi?

Katifa da bokiti da tebur da tulun gaz kar ka wahalar da kanka, waɗanda suka gama suna sayar da nasu da araha wajen ƙarshen shekara, ka sa wani ya kama maka. Daga gida ka taho da bargo, gidan sauro, kayan miya, darduma, takalmin roba na taɓo, lema, hotuna ƙanana masu yawa, da kofin takardar haihuwa da na bak da aka buga wa hatimi. Bido biyu kuma ka saya tun ranar da ka sauka ka rubuta sunanka a jiki da fenti, ba da alli ba.